Ɓera ya samar da garkuwa ba ya nufin an gano rigakafin korona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi bayani a kan wani al'amari da ya shafi sana'armu. Mu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ne da likitocin dabbobi, mazauna Legas.

Maganganu biyu ne suke yawo tsakanin 'yan uwanmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, a majalisu da saƙonnin WhatsApp, tun zamanin kullen korona har yau ba su mutu ba. Ta farko ita ce wai duk dabbobin da aka gwada wa allurar korona sun mace, ko kuma wai ba a taɓa gwada ta a jikin dabba ba. Ta biyu kuwa daga kafafen labarai take fitowa: da zarar wani mai bincike ya ce ɓerayensa sun samar da garkuwa, sai ka ga kanun labari cewa an gano rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, amma binciken bai tsaya ba, kuma da wannan hanyar ce ake gwada rigakafin zazzaɓin Lassa da sauran cututtukan da suka dame mu. Duka maganganun biyu rashin sanin abin da ake aunawa a jikin dabba ne ya haife su, kuma kowacce tana da illa: ɗaya tana hana mutum karɓar allura mai amfani, ɗaya tana sa shi yarda da abin da bai kai ba.

Ƙwayar cutar korona tana da wasu ƙayoyi na furotin a bayanta. Da kan ƙayar take kama wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin halittar hanci da huhu, wadda ake kira ACE2, ta shige ciki ta hayayyafa. Galibin alluran korona aikinsu shi ne su nuna wa jiki wannan ƙaya ba tare da cutar ba, don jini ya ƙera sinadaran garkuwa da ake kira antibodi, waɗanda za su manne wa ƙayar. To amma ba kowane antibodi da ya manne ne yake hana cuta ba. Wani ya kama gindin ƙayar, cutar ta shige abinta. Wanda ya toshe daidai wurin da take kama ƙofa, shi ne mai aiki. A nan ne akasarin ruɗun yake.

Ga yadda ake gwajin a ɓera. Ba ɓeran gida ko na kwata ake kamowa ba. Ɓeraye ne da aka yi shekaru ana haɗa su da 'yan uwansu har halittarsu ta zama kusan iri ɗaya, kamar farare da ake kira BALB/c da baƙaƙe da ake kira C57BL/6. Ana ɗaukar masu mako 6 zuwa 8, nauyin kowanne kusan giram 20 zuwa 25, a raba su rukuni-rukuni, yawanci biyar zuwa goma a kowane rukuni. Rabon da ƙuri'a ake yi, domin idan mutum ya sa hannu a keji yana kamowa, masu sanyin jiki ne za su fara zuwa hannu, sai su taru a rukuni ɗaya. Wani rukuni a ba shi allura kaɗan, wani matsakaici, wani da yawa. Dole kuma a bar rukunin da ruwan gishiri kawai za a yi wa, da wani wanda za a yi wa sinadarin da ke zaburar da garkuwa shi kaɗai ba tare da ƙayar ba, idan allurar tana ɗauke da shi. Gwajin da babu waɗannan rukunai a cikinsa ba gwaji ba ne, ko nawa aka kashe masa.

Kafin a yi allurar farko ana ɗibar jinin kowane ɓera a ajiye, don a san inda aka faro. Sannan a yi allura a tsokar cinya, maikirolita 50, wato kusan ɗigo guda. Bayan kwana 21 ko 28 a yi ta biyu, bayan mako biyu kuma a sake ɗibar jini. Jinin da ke jikin ɓera mai giram 25 gaba ɗaya bai wuce mililita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kuma ƙa'ida ita ce kada a ɗebi fiye da kashi goma cikin ɗari a lokaci guda, sannan a bar shi ya huta makonni kafin a sake. Mai gaggawa da ya ɗebi fiye da haka ya jigata dabbar, kuma dabbar da ta jigata garkuwarta ba ta nuna gaskiya. Ana barin jinin ya daskare na minti 30 zuwa awa ɗaya, a sa shi a na'urar da ke juya shi na kusan minti 10, ruwan jinin mai launin rawaya-rawaya ya taso sama. Idan ya fito ja, ƙwayoyin jini sun fashe ke nan, ko don an matse dabbar da ƙarfi ko don an bar kwalbar cikin zafi, kuma irin wannan yakan ɓata sakamako. Ruwan jinin ana rarraba shi a ƙananan kwalabe kafin a sa a firiza, domin narkewa da sake daskarewa sau da yawa suna rage ƙarfin antibodi.

Awon farko shi ne wanda ake kira ELISA, kuma shi ne ake iya yi a kusan kowace jami'a. Faranti ne na roba mai ramuka 96. Ana zuba furotin ɗin ƙayar, maikirogiram 1 zuwa 2 a kowace mililita, cikin ramukan, a bar shi ya kwana a firji mai digiri 4 ya manne. Washegari a wanke, a zuba ruwan garin madara marar kitse na kusan awa ɗaya don ya toshe duk inda ƙayar ba ta rufe ba. Sai a kawo ruwan jinin ɓeran a sirka shi: kashi ɗaya cikin 100 a ramin farko, ɗaya cikin 300 a na biyu, sannan 900, 2,700, 8,100, haka har layin ya ƙare. Kamar mai sirka zoɓo da ruwa ne yana duba inda launin zai ɓace: wanda ya yi kauri tun farko ya fi jure sirki. Bayan an sake wankewa, a zuba wani antibodi na saye wanda yake kama antibodin ɓera, a zuba sinadarin da ke komawa shuɗi, a tsayar da shi da asid ya koma rawaya, na'ura ta karanta kaurin launin. Sirki na ƙarshe da launin ya fi na jinin da ba a yi wa allura ba, shi ne lambar da ake bugawa. Idan ka ji an ce garkuwar ɓera ta kai 24,300, ma'anarta ke nan: an sirka jininsa sau 24,300 kuma har yanzu ana ganin alama.

Wuraren da wannan awo yake lalacewa suna da yawa, kuma akasarinsu ba a ganinsu a takardar sakamako. Rashin wanke faranti da kyau yana sa kowane rami ya yi launi, har na rukunin ruwan gishiri. Ramukan gefe sun fi saurin bushewa da ɗaukar zafi, don haka sukan bambanta da na tsakiya, musamman a ɗakin da na'urar sanyaya iska take hura wa tebur kai tsaye ko wanda babu ita sam. Sinadarin launi da ya sha haske ko ya daɗe a tashar jirgi yana jiran a fito da shi yakan yi shuɗi tun kafin a zuba. Sai kuma lissafi. A ɗauka ɓeraye goma ne, tara suka ba da 1,000, ɗaya ya ba da 100,000. Idan aka tara aka raba goma, sai a sami 10,900, lambar da babu ɓera ko ɗaya daga cikin taran da ya kusance ta. Lissafin da ya dace da awon sirki, wanda yake bin ninki, zai ba da kusan 1,600. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake nuna ɗigon kowace dabba a jadawalinsa, ba matsakaici kawai ba.

Ko da komai ya tafi daidai, ELISA mannewa kawai yake nunawa. Don a san ko antibodin yana hana cuta shiga, sai an yi awo na biyu. Ana ɗumama ruwan jinin a digiri 56 na minti 30 don a kashe wasu sinadaran jini da kan kashe ƙwayar cuta da kansu su rikita lissafi. A sirka shi, a gauraya da adadin ƙwayar cuta da aka sani, a bar su awa ɗaya a digiri 37, sannan a zuba a kan ƙwayoyin halittar ƙodar biri da ake renonsu a faranti, waɗanda ake kira Vero. Bayan kwana biyu ko uku a ƙirga tabon da cutar ta yi. Sirkin da ya rage tabon da rabi shi ne lambar. Wannan aiki da rayayyiyar korona sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na uku, inda iska take shiga ba ta fita sai ta matata, ma'aikaci kuma yana cikin rigar kariya. Inda babu irin wannan ɗaki, ana amfani da wata ƙwayar cuta da aka raunana aka lulluɓe ta da ƙayar korona, wadda take sa ƙwayar halittar da ta shiga ta ba da haske. Lambobin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne, haka ma lambar wannan ɗakin gwaji da ta wancan. Saboda haka ne a Disambar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni na bai ɗaya, wanda aka haɗa daga jinin mutanen da suka warke, don kowa ya auna nasa da shi. Duk wanda ya ce allurarsa ta fi ta wani kamfani ninki goma, alhali ba a faranti ɗaya ko da ma'auni ɗaya aka gwada su ba, bai faɗi komai ba.

Akwai wani abin da masu karatu ya kamata su sani game da ɓera: lambarsa takan yi kyau fiye da ta mutum. A gwajin allurar kamfanin Moderna an yi wa ɓeraye maikirogiram 1, mutum baligi kuma aka yi masa 100. Sai ka ga kamar an rage wa ɓera, amma idan aka raba da nauyin jiki, ɓera mai giram 20 ya sami ninki 35 na abin da mutum mai kilo 70 ya samu. Ga shi matashi, bai taɓa yin zazzaɓin cizon sauro ba, babu tsutsar ciki, babu ciwon suga, bai taɓa kwana da yunwa ba. Bincike ya nuna garkuwar ɓeran da aka rena a ɗaki mai tsafta ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa a kan ta baligin mutum. Dattijo mai shekara 70 da hawan jini a Agege ba shi ne wannan ɓera ba. Sannan awon da aka yi mako biyu bayan allura ta biyu, lokacin da garkuwa take kan ganiyarta ke nan. Abin tambaya shi ne me ya rage bayan wata uku, bayan wata shida. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Gwaji na gaske shi ne a sa wa dabbar cutar da gangan bayan allura, a ga ko ta tsira. A nan aka ci karo da matsala a farkon 2020: korona ta asali ba ta kama ƙofar ACE2 ta ɓera da kyau, don haka ɓera na yau da kullum ba ya kamuwa. Abin da ya taimaka shi ne wasu ɓeraye da masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka suka samar tun 2007 saboda cutar SARS, wata 'yar uwar korona da ta riga ta ɓulla, waɗanda aka dasa wa ƙofar ACE2 ta mutum. Waɗannan suna kamuwa sosai, har sukan mutu cikin kusan mako guda, amma sau da yawa cutar har ƙwaƙwalwa take kai musu, abin da ba haka yake a galibin mutane ba. Dabbar da ta fi kwaikwayon ciwon huhun mutum ita ce hamsta, wata 'yar dabba dangin ɓera mai guntun wutsiya wadda asalinta daga Siriya ne. Tana kamuwa ba tare da an canza mata halitta ba, ta rame, huhunta ya kumbura, ta shafa wa 'yar uwarta da ke keji na kusa, ta warke cikin kusan mako biyu. Birai kuwa sun fi kusa da mu, amma ciwon da suke yi ba mai tsanani ba ne, ga tsada, don haka a rukuni ba ka cika ganin fiye da shida ko takwas ba. Bayan an ɗiga cutar a hancin dabba cikin maganin barci, ana auna nauyinta kowace rana, ana gogo hancinta, a kuma duba yawan ƙwayar cuta a huhu.

Gwajin allurar Oxford da AstraZeneca a birai, wanda aka yi a jihar Montana ta Amurka a 2020, misali ne da ya kamata a riƙe. Biran da aka yi wa allura ba su yi ciwon huhu ba, kuma ƙwayar cuta ta ragu a huhunsu. Amma yawan cutar da ke fita daga hancinsu bai bambanta da na waɗanda ba a yi wa ba. Dalilin sananne ne: allurar tsoka tana cika jini da antibodi nau'in IgG, wanda yake isa huhu da kyau, amma ba ta samar da IgA mai yawa, wanda shi ne mai gadin majinar hanci. Birai sun faɗi gaskiya tun kafin a yi wa kowa allura a Najeriya: za ta kare rai, amma ba lallai ta hana kamuwa ba. A ganinmu da an bayyana wa jama'a wannan da harshensu tun ranar 2 ga Maris 2021 da kashin farko na allurai kusan miliyan huɗu ya sauka a Abuja, da ba a sami masu cewa an yaudare su ba lokacin da wanda aka yi wa allura ya sake yin mura da zazzaɓi. Da nau'in Omikron ya bayyana a Nuwambar 2021, da canje-canje fiye da 30 a ƙayarsa, ƙarfin toshewar jinin waɗanda aka yi wa allura biyu ya faɗi fiye da ninki 20 a awon da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu, amma kariya daga ciwo mai tsanani ba ta faɗi haka ba, domin antibodi ba shi kaɗai ne garkuwa ba. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, masu kashe ƙwayar halittar da cuta ta riga ta shiga. An gwada wannan a birai ma: da aka cire musu waɗannan ƙwayoyi, kariyar da suke da ita ta ragu. Su kuma ba a aunarsu da ELISA na jini, sai an ciro saifar ɓera an niƙa ta.

Yanzu ga maganar cewa dabbobin duk sun mutu. Akwai abin gaskiya da aka murɗe a cikinta. A tsakiyar shekarun 1960 an gwada wata allurar cutar numfashi ta yara da ake kira RSV a Amurka. Yaran da aka yi wa suka fi shan wahala da suka kamu, biyu suka rasu. A 1990 an gwada rigakafin wata korona ta kyanwa, kyanwoyin da aka yi wa suka riga sauran mutuwa bayan an sa musu cutar. Wasu alluran SARS da aka gwada a ɓeraye kuma sun jawo taruwar wasu ƙwayoyin jini masu kumburi a huhu. Masana sun san duk wannan, kuma shi ne abin da aka fi tsoro a 2020, shi ya sa aka neme shi da gangan. Ana auna nau'in antibodin da ɓera ya yi: idan IgG1 ya yi rinjaye ƙwarai a kan IgG2a, alama ce garkuwar ta karkata ɓangaren da ake tsoro. A nan ma akwai tarko, domin baƙin ɓera C57BL/6 ba ya yin IgG2a, nasa IgG2c ne, kuma wanda ya sayi sinadarin da bai dace ba zai ga kamar babu komai. Ana kuma yi wa wasu dabbobin allura kaɗan da gangan, wadda ba za ta kare su ba, a sa musu cuta, a ga ko raunanniyar garkuwa za ta ƙara musu ciwo. Sai a yanka huhu siriri a duba a madubin likita. Alluran da aka amince da su ba su nuna wannan illa a dabbobi ba, kuma ba ta bayyana a mutane ba.

Amma fa tabbas dabbobin ba su tsufa ba. Ba a iya duba huhu ko saifa sai an kashe dabbar, don haka a ranar da aka tsara, kwana na 3 ko na 5 ko na 7 bayan sa cuta, ana kashe su da maganin barci mai yawa. Dabbar da ta rasa kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinta ma ba a jira ta mutu da kanta, ana hutar da ita. Wanda ya ji an ce babu ɓeran da ya rage, sai ya ɗauka allura ce ta kashe su. Wannan aiki ba abin wasa ba ne a wurinmu. Musulmi ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, kuma ƙa'idar da masu bincike suke bi tun 1959 ita ce a nemi abin da zai maye gurbin dabba idan akwai, a rage yawansu, a rage musu wahala. Gwajin da aka yi shi sakaka, ba rukunin kwatance, ba ƙuri'a, zalunci ne ga dabbobin, domin sun mutu ba a koyi komai ba.

Game da cewa ba a yi gwajin dabba ba, abin da ya faru shi ne an haɗa matakai. An yi wa mutum na farko allurar Moderna ranar 16 ga Maris 2020 a birnin Seattle na Amurka, lokacin ana kan gwajin dabbobi, bisa dogaro da aikin da aka riga aka yi a kan rigakafin MERS, wata cutar dangin korona, da irin wannan fasaha. Sakamakon birai ya fito a Yulin 2020, watan da aka fara babban gwaji na mutum kusan 30,000. Mutum yana da damar ya ce bai gamsu da wannan gaggawa ba, amma ba daidai ba ne a ce ba a yi ba. Kuma a faɗi gaskiya, illar da take samun mutum ɗaya cikin dubbai masu yawa, kamar daskarewar jini da aka gani da allurar AstraZeneca a 2021 ko kumburin tsokar zuciya a wasu samari bayan alluran Pfizer da Moderna, ɓeraye goma ba za su taɓa nuna ta ba. Sa ido bayan an fara yi wa jama'a ne ya gano su. Ba ma ganin laifin Bahaushen da yake ɗari-ɗari. Wanda ya san labarin gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara kusan 200 a Kano a 1996, dole ya yi tambaya, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya cancanta shi ne amsa dalla-dalla, ba tsawa ba.

Korona ba baƙuwa ba ce ga masu dabbobi. Cutar mashaƙon kaji da ke sa su tari, ƙwai ya ragu ko ɓawonsa ya yi laushi, korona ce, an santa tun 1931, kuma masu gidan gona a Ikorodu da Epe suna ba da rigakafinta a ruwan sha. Sun san idan ruwan yana da kilorin allurar ta mutu, sun kuma san rigakafin wani nau'in ba lallai ya kare daga wani ba. Cutar MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda take kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, daga raƙuma take, kuma binciken da aka yi a mayankar Kano ya sami antibodinta a jinin mafi yawan raƙuman da aka gwada. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu riƙa yin irin wannan bincike da kanmu.

Legas tana da tushe. A ɗakin gwajin asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020. Cibiyar binciken lafiya ta NIMR tana Yaba, haka ma ɗakin da NAFDAC take gwada ingancin allurai. A Yaba ɗin ne kuma ɗakin gwamnatin tarayya ya yi ta haɗa rigakafin agana da shawara da cizon mahaukacin kare daga 1940 har aka rufe shi a 1991, yayin da cibiyar Vom ta jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, take yin na dabbobi har yanzu. Masu ilimi akwai su. Abin da yake kayar da aiki a nan ƙananan abubuwa ne da ba a yi musu kasafi.

Ɗakin ɓeraye yana bukatar zafi tsakanin digiri 20 zuwa 26, laima tsakanin kashi 30 zuwa 70, haske awa 12 duhu awa 12. Iskar Legas a yawancin shekara ta wuce wannan a zafi da laima, don haka in an ɗauke wuta janareta bai tashi ba, dabbobi suna shan wahala kuma garkuwarsu tana sauka. Abincin da aka jibge a ɗaki mai laima yakan yi funfuna, gubar funfunar masara da gyaɗa kuma tana danne garkuwa. Garin katako da aka kwaso daga wurin masu yankan katako ba tare da an gasa shi ba yana shigo da cuta. Ɓerayen da aka sayo daga mai kiwo a bayan gida, ba a san asalinsu ba, ba a san shekarunsu ba, lambobinsu za su warwatse ta yadda babu lissafin da zai haɗa su. Mafi muni, ɓeraye suna da tasu koronar, mai taɓa hanta da hanji, wadda take yaɗuwa a ɗakin da ba a tsare ba, sau da yawa ba tare da alama ba, ta hargitsa garkuwar dabbobin da ake aunawa. Maza da aka haɗa bayan sun balaga sukan yi faɗa, mai rauni kuma sakamakonsa daban ne. Firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, in wuta ta yi kwana ɗaya ba ta dawo ba, aikin wata shida ya tafi, kuma idan babu na'urar da ke rubuta sanyinta dare da rana, babu wanda zai san ta narke ta sake daskarewa.

Ba a fafa gora ranar tafiya. Kiranmu ga gwamnatin tarayya da ta jihar Legas da masu ba jami'o'i tallafin bincike shi ne a samar da ɗakin renon ɓeraye da hamsta masu tsaftataccen asali wanda ake gwada lafiyarsu duk bayan wata uku, mai wutar sola da batir da janareta na ko-ta-kwana, wanda zai riƙa sayar wa jami'o'i dabbobi da takardar shaidarsu, a kuma haɗa shi da ɗaki mai matakin tsaro na uku da aka tanada don dabbobi, ba don samfurin marasa lafiya kawai ba. A sauƙaƙa fito da sinadaran gwaji daga filin jirgin Ikeja kafin ƙanƙarar da ke tare da su ta ƙare.

Kai kuma, Malam Edita, muna roƙon idan wakilinka ya je taron da aka ce an gano rigakafi, ya tambayi mai binciken ko an sa wa dabbobin cutar bayan allura, da kuma abin da ya sami rukunin da aka yi wa ruwan gishiri. Idan amsar ita ce ba a kai nan ba tukuna, a rubuta haka a kanun labarin.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da likitocin dabbobi,
Idi-Araba da Agege, Legas.